Tukunyar Ɗahiru da Igiyar Gwauro

Malaminmu na Gyaɗi-Gyaɗi, Allah Ya ƙara masa yarda, masani ne mai tsantseni, waliyyi ɓoyayye, wanda harshensa bai gushe ba yana ambaton Ubangiji. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru ga Ɗahiru, direban Adaidaita Sahu a Tarauni.

Shekara huɗu da rasuwar matarsa Ɗahiru bai sake aure ba, domin zuciyarsa ba ta nema ba, amma mutane, da yake bakinsu ba ya azumi, suka sa shi gaba. Da Ramadan ya kama, masu tashe suka aiko masa cewa bana sai sun ɗaura masa igiyar gwauro sun zaga unguwa da shi. Kullum shi kaɗai yake shan ruwa, yana jin ƙarar cokula daga gidajen maƙwabta, har ya ƙudurta ko dai ya auri duk wadda aka nuna masa, ko ya bar Kano.

Ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Allah gafarta Malam, a roƙa mini mata, ko wace iri ce."

Malam ya ce, "Kada ka cuci 'yar mutane don tsoron igiya. Tukunyar marigayiya tana nan?"

"Tana nan, amma ta mutum biyu ce."

"Dama kunu a ciki, ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ka riƙa ɗiba, kada ka leƙa."

Ranar farko leburori uku suka zauna. Kafin sati, direbobi da masu gadi da baƙin da suka baro iyali a ƙauye sun cika layin, har Luka makanike, wanda ba ya azumi, yakan zo da ƙosai. Ɗahiru yana ta ɗiba, tukunyar kuwa ba ta taɓa ƙarewa ba sai na ƙarshe ya ƙoshi.

Wata rana ana gab da kiran magariba masu tashe suka iso. Jagoransu Lawan, dattijo mai baki, ya tsaya da igiya yana kallon taron. Ya ajiye igiyar ya ce a hankali, "Ɗahiru, akwai wuri? Ni ma tun bara ni kaɗai nake sha."

Ɗahiru ya matsa masa, ya miƙa masa kofi.

Har yau bai yi aure ba, kuma da an watse shi kaɗai yake wanke tukunyar, amma ya daina sunkuyar da kai. Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa salihai. Allah Ya ja kwanan Malam, Ya sa mu cikin albarkarsa, amin.