Doguwar Wayar Nomau

An yi wani mutum a wani gari, jama'a, tun zamanin da in babur ya wuce sai an leƙo a ga ko na wane ne. Sunansa Nomau, bakanike ne, rumfarsa na gindin tsamiya a bakin kasuwa. Bawan Allahn nan ya shekara ashirin yana gyaran baburan mutane, amma shi kekensa yake hawa. In an tsokane shi sai ya yi dariya, ya ce nasa ba ya shan mai.

To ku saurara. Baburan garin duk tsofaffi ne, kowanne ya ga jiya ya ga yau. Gejin nan da ake tsomawa a ga ko baƙin mai ya yi ƙasa, na wani ya karye, na wani ya ɓace. Mutum sai ya yi ta tafiya a kan Allah ya kiyaye, har ranar da inji zai buga. Sai Nomau ya fito da dabara. Yakan juye man babur tas, ya zuba sabo daidai cikin injin, ya tsayar da babur a miƙe. Sai ya ɗauko wayar ƙafar keke, ya lanƙwasa kanta yadda za ta tokare a bakin ramin man, ya tsoma. Inda mai ya tsaya ya tsaga da zarto, ya ƙara tsaga ɗaya daga ƙasa. Mai ya kai ta sama, yi tafiyarka. Ya sauka ta ƙasa, nemi mai. Kowane babur da tasa wayar, don zurfin ramin ba ɗaya ba ne. Kuma kyauta yake yi wa kowa.

Rannan ya yi guda biyu a zama ɗaya. Doguwa ta Alhaji Sambo mai goro ce, gajera kuwa ta Haladu mai kifi. Shi Haladun nan Allah ya ba shi baki, in ya fara faɗa har kasuwa ta tashi bai kai rabi ba. Amma baburinsa shi ke ciyar da mutum goma sha ɗaya, shi yake hawa duk Laraba zuwa bakin tafki ya saro banda. Ga shi kuma baburin yana yoyon mai.

Bayan mako uku, ranar wata Laraba da hantsi, sai ga Alhaji Sambo ya nufo rumfa, hayaƙi na bin sa kamar an kunna wa juji wuta. Ya sauko yana tari, ya ce wannan waya ba ta ƙoshi, ya zuba kwalba, ya ƙara kwalba, kullum a bushe take fitowa. Nomau ya karɓa ya duba. Gajera ce. Ashe ranar ya musanya musu. To in gajera na hannun Alhaji tana cewa babu alhali akwai, ina doguwa? Tana hannun Haladu, tana nutsewa can ƙasa, tana ce masa a cike yake alhali babu.

Alhaji ya gane, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ba shi shawara, irin wadda ni da ku muka sha ji, ya ce ya yi shiru. Wa ya sani? In inji ya buga, kowa zai ce tsufa ne, kuma gyaran ma rumfar nan zai zo. Ballantana Haladu, wa ke kai kansa bakin Haladu?

Nomau ya ce, “Alhaji, ni na sani. Wanda ya halicce ni ma ya sani.”

Ya tsiyaye rarar man da Alhaji ya cusa wa injinsa a cikin kwalba, ya roƙe shi ya bar masa, Alhaji ya ce ya yafe. Ya tsaga wa Alhaji sabuwa nan take, ya soke gajerar a hularsa, ya hau keke. Ranar kasuwa ce fa, jama'a, babura uku na jiransa. Ya ba masu su haƙuri, ya kama hanyar tafki. Ga rana, ga yashi, inda keke ya ƙi tafiya ya sauka ya tura. Duk hanya yana duban gefen titi, yana tsoron ya tarar da Haladu zaune kusa da mataccen babur.

Sai bayan azahar ya isa, riga ta jiƙe sharkaf. Ya sami Haladu ya gama ɗaure kwandunan banda, masu kifi sun kewaye shi, yana nuna musu waya yana cika baki, wai mako uku ko ɗigo bai ƙara ba, baburinsa ya daina shan mai.

Nomau ya yi sallama, ya ce, “Malam Haladu, wayar nan ƙarya take maka, kuma ni na sa ta. Ba taka ba ce, kuskure na yi. Ka yafe mini.”

A gaban mutane ya faɗa, bai ja shi gefe ba. Ya zaro gajerar daga hula, ya tsayar da babur a miƙe, ya tsoma, ya ɗago. Ta fito a bushe ƙayau, ko tsininta bai jiƙe ba. Ga kaya, ga tafiyar komawa, da babur ɗin bai kai gida ba. Haladu ya buɗe baki, kowa ya gyara tsayuwa don jin faɗa. Ya dubi waya, ya dubi keken da ya sha ƙura, ya dubi kwalbar mai.

Ya ce, “A kan wannan keken ka zo?”

Masu kifi sun ce tun da suke ba su taɓa jin ya yi magana gajera haka ba. Aka zuba mai, aka ɗora wa keke banda har Nomau na cewa ya isa. Nomau ya bar wa Haladu gajerar, doguwar wayar kuwa ya karɓe abarsa, ya rataye ta a ƙofar rumfa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, wannan ita ce wadda na kusa kashe wa Haladu abinci da ita.

Ya 'yan'uwa, Nomau bai zama mutumin kirki don ba ya kuskure ba. Ya yi, kamar yadda ni da ku muke yi. Amma da ya gane, bai jira a kama shi ba, ya bi kuskurensa da gumi har ya cim masa kafin ya cuci wani. Amana ke nan. Kai tela, kai magini, kai mai sayar da magani, har ni da nake gaya muku, wa ke can yana tafiya da doguwar wayar da muka ba shi, hankalinsa kwance? Ka san shi, sunansa ya faɗo maka tun ina tsakiyar labari. In mun shafa addu'a, kada ka fara zuwa gida, ka fara zuwa wurinsa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.