Zakaran da Ya Ƙi Cara a Fada

An ce wani sarki daga cikin sarakunan da suka shuɗe yana da son kaji, son da har fadawa kan yi gulmarsa a bayan ido. Da hannunsa yake watsa musu tsaba, kuma ya san kowace kaza da kamanninta da halinta.

A wani ƙauye na ƙasarsa kuwa akwai wani dattijo masaƙi, ana ce masa Malam Jibo. Ba mata, ba ɗa, sai wani jan zakara da ya raɗa wa suna Barde. Muzuru ne ya cinye uwarsa tun yana ɗan tsako, dattijon ya raine shi cikin hularsa, yana tono masa gara. Da ya girma, in Malam Jibo ya zauna saƙa, sai Barde ya haye kafaɗarsa ya kwanta.

Rannan dagacin ƙauyen zai tafi gaisuwa fada, ya hangi zakaran. Mutumin banza! Ko sallama bai yi ba ya sa aka cafke shi, ya kai wa sarki da sunan kyauta.

Sarki na ganin Barde ya ji duk kajinsa sun fita daga ransa. Ya sa aka ɗaure masa ƙafa da igiyar alharini, aka zuba masa alkama a kwanon azurfa. Ina! Zakara ya ƙi cara, abinci ma sai ya ɗan tsattsaga ya bari. Kwana arba'in ana haka, har zankonsa ya kwanta. Hankalin sarki ya tashi ƙwarai, ya ce a nemo masa wanda ya fi kowa sanin kaji. Aka yi ta tambaya, kowa ya ce ai sai Malam Jibo.

Dattijon ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ga Barde a kwance ya rame, zuciyarsa ta karaya.

Sarki ya ce, “Ya kai dattijo, da me ake mallakar zakara?”

Ya ce, “Ya sarki, da abu uku: igiya, da tsaba, da na ukun.”

“Igiyata alharini ce, tsabata alkama. Mene ne na ukun?”

“Allah ya ba ka nasara, a ƙauyenmu in an kawo baƙuwar kaza, akan ɗaure ta kwana uku don ta san gida. Ran na huɗu sai a kwance. In ta tafi kiwo ta dawo da ƙafarta, ta zama taka. Na ukun ke nan, kwancewa.”

Sarki ya ce, “In na kwance ya tafi fa?”

“To, ya sarki, da ma igiyar ce taka.”

Waziri ya zabura zai tsawata masa, sarki ya ɗaga hannu. Ya sunkuya da kansa ya kwance igiyar, ya ɗebi alkama a tafin hannu yana kiran zakaran a hankali. Malam Jibo kuwa ya sadda kai ƙasa, ya haɗe hannuwansa, don kada a ce ya kira.

Barde ya miƙe yana tangaɗi. Ya dubi alkamar nan, ya wuce ta. Ya ja jiki har gaban dattijon, ya yi tsalle ya faɗi, ya sake yi ya haye kafaɗarsa. Sai ya miƙe wuya ya yi cara, wata 'yar cara dasasshiya, abin tausayi. Hawaye suka zubo wa Malam Jibo har gemu.

Sarki ya ce, “Naka ne?”

Ya ce, “Ya sarki, ni ban faɗa ba. Shi ya faɗa.”

“Me ya hana ka kawo ƙara tun ranar da aka ɗauke shi?”

“Wurin wa zan kai, alhali abin yana hannun mai shari'ar?”

Kunya ta rufe sarki. Wallahi yana son zakaran nan, kuma kowa a fadar ya ga haka a fuskarsa. Ya zubar da alkamar ya ce, “Tafi da shi, dattijo, ka yafe mini. Dagacinku kuwa ya bar rawani daga yau.”

Ya tsaya a bakin zaure yana kallonsu har suka sha kwana, sannan ya miƙa wa waziri igiyar ya ce, “Rataye ta a inda nake zaman shari'a. Ina so in san mutum nawa ne a ƙasar nan suke tare da ni don igiya. Sarki ba ya sanin ya yi adalci sai ranar da ya kwance, ya ga an dawo.”