Iro da Kwamfutar da Ba Ta Ganin Gajeren Suna

Bari in ba ku labarin Iro, wani manomi a garinmu. Ranar rabon taki, sakatare Alhaji Tanimu ya buga sunansa a kwamfuta, shiru. Wai ita duk kalmar da ba ta kai harafi huɗu ba, ba ta nemo ta.

"Malam, babu kai," in ji Alhaji. "In kana son taki, sa ta gan ka."

"Ranka ya daɗe, ga ni tsaye."

"Ni na'ura nake bi."

Iro ya saɓi buhu ya kama hanya.

"Kai Iro, sata kiri-kiri?"

"Wane Iron, ranka ya daɗe? Duba mana. In babu ni, babu ɓarawo. In kuwa akwai ni, ai rabona na ɗauka."

Alhaji na can yana ta dubawa, masarar Iro har ta yi goyo.