Gidan da Fure Bai Tsiro Ba

"Ku matso, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Akwai wata Bushiya da uwarta ta rasu, ba ta bar mata komai ba sai 'yar bishiyar fure a ƙofar ɗaki. Rani da damina ganyenta shar, furenta ja wur. Safe da yamma take ba ta ruwa, ko ita ba ta sha ba.

Maƙwabcinta Gizo, abin ya tsone masa ido. Ya ce, "Bushiya, sam mini."

Ta yanko masa reshe, ta ce, "Soka a ƙasa mai laima, ka ƙyale shi, zai kama."

Gizo da ƙyalewa? Ya soka da safe, da rana ya tuge wai ya ga ko ya yi saiwa. Reshe ya bushe. Ta ba shi na biyu, ya tuge. Na uku ma haka. Shi ne ɗan banzan nan ya ce wai matacce take zaɓo masa.

Ranar da ta tafi rafi, jama'a na gona, ya ɗauko adda ya sare bishiyar, ya tone saiwar ya ƙona. Ku ji rashin imani! Rassan kuwa ya daddatsa, ya bi gari yana cusawa cikin taɓon bakin rariyar kowane gida, don kada a ga ko tsinke a nasa.

Bushiya ta dawo ta tarar da rami. Ƙayoyinta suka miƙe.

"Wane azzalumi ne? Abin uwata! Allah ya isa!"

Ta tare Zomo, ya rantse. Ta tare Akuya, ta rantse. Ta tare Kunkuru, ya ce shi ko adda ba ya iya ɗagawa. Gizo kuwa har da zuwa jaje, yana matsar hawaye: "Shannu, Bushiya, duniya ta ɓaci." Ni da nake ba ku labarin ma raina tafasa yake.

Ba a jima ba sai ga tsiro a bakin rariyar Zomo. Ga shi a ta Akuya, ga shi a ta Kunkuru. Gari ya yi ja wur da furen uwar Bushiya. Ta bi gida-gida tana dubawa, ta iso ƙofar Gizo, ƙasa fayau.

"Gizo, kowa ya samu, kai ina naka?"

"Ai ni ban saka a nawa..." Ya kama baki.

Bushiya ta dunƙule, ta mirgino ta dake shi da ƙaya. Ya yi ihu ya haye rufin ɗaki, yana can a lungu har yau.

To kun ji. Mai hassada ba ya ƙarar da abin wani, kansa yake tona wa asiri.

Kungurus kan kusu. Wanda ya sake tsinke mini furen ƙofa, ni da shi.