Arnulfo Mai Gane Ƙeya

Akwai wani mai aski a unguwarmu, can saman tudu a bayan birnin Cali, ana kiransa Arnulfo. Hannunsa na da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma bakinsa ya fi injin askinsa gudu, ga shi da son a ce shi ne ya sani.

Abin da yake taƙama da shi shi ne ƙeya. Cewa yake fuska tana ƙarya, mutum zai iya tara gemu ko ya toshe ido da tabarau, amma ƙeya ba ta canjawa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa, ko daga bayan bas ya hango shi zai faɗa maka sunansa. Abin haushin kuma, ba ya kuskure.

Unguwarmu ta waɗanda yaƙi ya koro daga ƙauyuka ce. Kusan kowane gida akwai wanda ya baro gona da kabarin iyayensa. Shi ya sa muke da ƙa'ida ɗaya: wanda ya zo ba a tambayarsa daga ina, wanda ya tashi ba a tambayar ina ya nufa, kuma ba a kama sunansa a bainar jama'a.

Arnulfo yana da amini mai suna Hermides, wanda shi ne uban baftismar 'yar Arnulfo, suna kiran juna kompadre. Hermides ya taɓa tsayawa a kotu ya ba da shaida kan wasu 'yan bindiga da suka kashe mutanen ƙauyensu. Tun daga ranar suke nemansa ruwa a jallo.

Da aka fara ganin baƙin fuskoki a kan babur suna zagaya unguwa, sai aka wayi gari ɗakin Hermides a kulle. Shi da matarsa Nilsa sun tafi, ba su yi wa kowa sallama ba.

Wannan abu ya tsaya wa Arnulfo a rai. Ya riƙa yi wa Doña Efigenia mita, wato mahaifiyar Nilsa, wadda ke gasa wainar masara a gefen shagonsa.

"Ni fa na yi masa askin aure, Inna. A ce ya tafi ko 'sai wata rana' babu? Ashe ni ma ba a yarda da bakina ba?"

Tsohuwa ta ce, "Don yana ƙaunarka ne, ɗana. Abin da ba ka sani ba, ko an shaƙe ka ba za ka faɗa ba."

Aka yi shekara biyu a haka. Sai wani gidan talabijin ya ɓullo da sabon shiri na farautar mutane. A saki 'yan takara su gudu su ɓuya a faɗin ƙasa, tsofaffin 'yan sanda su bi sawunsu, wanda ya kai ƙarshe ba a kama shi ba ya ci kyauta. Masu kallo kuma aka ce su taya farauta, duk wanda ya ga wata alama ya turo a shafin shirin.

Ku ji abin takaici. Mutanen da suka taɓa kwana a daji da goyo a baya, su ne yanzu ke cika ƙofar shagon Arnulfo kowace Lahadi da yamma, da kofi a hannu, sun zuba wa talabijin ɗinsa ido, suna ihun "Ku kamo shi! Ga shi can bayan mota!" Mutum dai akwai mantuwa, in cikinsa ya ɗauka.

A cikin 'yan takarar akwai wata ma'aikaciyar jinya, Marlenis, wadda ta fi kowa wahalar da mafarautan. Rabin unguwa na sonta, rabi na jiran ranar da za a damƙe ta.

Wata Lahadi aka nuno ta ta isa wani ƙaramin gari a bakin kogi, ƙafafunta sun kumbura. Ta buga ƙofa ɗaya aka kore ta, ta buga ta biyu aka sako mata kare. A ta uku wani mutum da ke ɗinkin raga ya dube ta, ya dubi mai kyamarar da ke biye da ita. An rufe fuskarsa da hazo, an kuma sauya muryarsa, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya taimaki ɗan takara.

Ya ce, "Shigo, 'yar'uwa. Gudu ba daɗi, ko da na wasa ne."

Sai ya juya don ya ɗebo mata ruwa. Fuska suka rufe, ba su rufe ƙeya ba. Ga tabon ƙuna nan a bayan kunnen hagu, inda gashi ba ya fitowa.

Arnulfo ya gane tabon nan take. Da farko bai ce uffan ba, kuma da ya ci gaba da yin shirun, da yau ba na ba ku wannan labari.

Amma akwai wani direban tasi, Eliécer, wanda ba shi da aiki sai tsokanar Arnulfo. Ya miƙe yana dariya.

"Ina sarkin ƙeya? To yau ga ƙeya har ƙeya. In ka isa, faɗa mana ta wace ce!"

Arnulfo ya ce, "Na san shi."

"Ƙarya kake, maƙwabci! Kai da ko Cali ba ka taɓa bari ba, ina ka san masunci?"

"Na ce maka na san shi, direban banza. Hannun nan ya zagaya wannan tabon ya fi a ƙirga."

Doña Efigenia ma ta gane surukinta, daga yadda yake jan ƙafa. Wainar da ke hannunta ta faɗa cikin garwashi. Ta ɗaga murya.

"Arnulfo, zo ka karɓi kofinka, zai huce."

"Ina zuwa, Inna."

"Yanzu nake so ka zo, ɗana. Don girman Allah."

Ya dube ta, ya kuma gane abin da take nufi sarai. Amma ga wayoyi an ɗaga ana ɗaukarsa, ga Eliécer yana cewa, "Kun gani ko? Ya gudu wajen kofi." Ga kuma tsohon haushin nan na tafiya ba sallama. Sai ya gyara tsayuwa gaban waya.

"Wannan kompadrena ne, Hermides. Ku rufe fuska ku rufe murya, ni ƙeya kawai nake bukata. Ku gaya wa 'yan sandan nan su zo in koya musu aiki!"

Wuri ya kaure da tafi da fito. Kafin tsohuwa ta ratso jama'a, Eliécer ya riga ya ɗora bidiyon a shafin shirin. Ta kama hannunsa tana roƙo ya goge. Ya ce, "Haba Doña, an riga an kwashe. Ki ga yadda ake yabon unguwarmu!"

Magana zarar bunu ce. Abin da Arnulfo ya fara, masu kallo suka ƙarasa, kowa na so a ce shi ma ya kawo nasa. Wata ta rubuta cewa ta san mutumin, a wurinsa take sayen kifi a kasuwar garin Puerto Almendro. Wani ya faɗi layin gidan. Wani ya ce ƙofar shuɗiya ce, kusa da inda ake ɗaure kwalekwale, har ya haɗa da hoton dariya.

Mafarautan shirin suka kama Marlenis a wannan garin. Lahadin da ta biyo baya aka nuno Arnulfo a talabijin, aka kira shi mai idon shaho. Samari suka yi layi a shagonsa, wasu ba aski ya kawo su ba, sai su juya masa baya su ce ya canki sunansu.

Doña Efigenia ta daina yi masa magana. Abin ya dame shi, ya je ya tsaya gaban murhunta yana sosa kai.

"Inna, wasa ne fa. 'Yan bindigar nan suna can cikin daji, wa ya ce miki suna kallon talabijin?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Su ma ranar Lahadi hutawa suke yi."

Ita tun ranar farko ta kira 'yarta ta ce su tashi. Hermides ya sa Nilsa a bas ta yi gaba. Shi ya tsaya ya mayar wa mai kwalekwale da kwalekwalensa, domin ba ya son a ce ya gudu da kayan mutane. Ya ce zai biyo ta washegari. Bai biyo ba, wayarsa kuma ta daina shiga.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Arnulfo yana tsakiyar yi wa wani aski, sai ya ga mace a madubi tsaye a bakin ƙofa. Nilsa ce. Ta rame, idonta a bushe. Ya kashe inji.

Ta ce, "Kompadre."

Ya juyo ya fuskance ta, ta ci gaba.

"An tsamo wani a kogi. Ruwa ya ɓata fuskar. Hukuma ta ce a kawo wanda zai shaida shi. Ni na duba, na kasa. Amma na ji ka faɗa wa duniya kai ba ka bukatar fuska. Tashi mu je."

Ya bar mutumin da rabin aski ya bi ta. Doguwar tafiya ce a bas. A ɗakin ajiye gawa aka yaye mayafi. Arnulfo ya dubi abin da ya rage na fuskar, ya kau da kai, ya ce wa ma'aikacin, "Juya shi."

Aka juya shi. Ga tabon nan a bayan kunnen hagu.

Ya tsaya yana kallo. Sai idonsa na mai aski ya ga abin da ba wanda zai kula da shi. Gashin ƙeyar an yanke shi ne da almakashin ɗinki, nan tudu nan kwari. Bai san lokacin da bakinsa ya sake suɓucewa ba.

"Wa ya yi masa wannan askin?"

Nilsa ta ce, "Ni. Tun da muka tafi bai shiga shagon aski ba. Cewa yake, in ba kompadrensa ba, bai yarda kowa ya tsaya a bayansa da aska ba."

Nan Arnulfo ya durƙushe. Nilsa ba ta zage shi ba, ba ta kuma ɗaga shi ba. Ta sa hannu a takarda ta fita.

Gidan talabijin ya sa layi ɗaya na ta'aziyya a ƙasan allo, sannan aka shiga tallar sabulu. Eliécer ya goge bidiyon, ya ce shi dama tun farko bai so abin ba. Waɗanda suka yi tafi da fito su ne suka fara tofar da yawu in sun wuce ƙofar Arnulfo, kamar ba da hannunsu aka tura ba. Ranar Lahadi kuwa sun koma shagon mai gyaran babur, suna ihun a kamo na gaba.

Arnulfo ya sauke talabijin daga bango. Har yau yana aski, domin da shi yake ci. Amma da ya zagayo bayan kunnen mutum sai hannunsa ya ɗauki rawa, dole ya ajiye injin ya jira ta lafa.

Darasi: Ba duk abin da ka sani ne naka na faɗa ba. Wani sirrin ran mutum ne aka jingina da shirunka, kuma tafin 'yan kallo ba ya tayar da wanda bakinka ya kashe. Kafin ka faɗi sunan wani ko inda yake don a yaba maka, tambayi kanka wa kuma yake saurare. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman mai saurin baki da mai saurin yatsa a waya.