Kabarin da Nasamu Kaɗai Ya Sani

An yi wani sarki a ƙasar Dargaza, sunansa Zakariya'u, wanda tun ranar naɗinsa ya yi alkawari cewa ba za a ƙara ɗaura wa ɗan Adam igiya a kai shi kasuwa ba a ƙarƙashin mulkinsa. Manyan kudancin ƙasar, masu manyan gandaye, suka ce ba su san wannan zance ba, domin abin da suke ci da abin da suke sawa duk daga gumin bayi yake fitowa. Sai ƙasa ta rabu biyu, wa ya zare wa ƙane takobi, aka daɗe ana yaƙin basasa har gonaki suka koma daji. Daga ƙarshe Allah ya ba sarki nasara, aka yi shela a kowace kasuwa cewa bauta ta ƙare.

Sarkin nan yana da waziri mai suna Mujtaba, dattijo mai sanyin magana, wanda fadawa ke yi wa tsiya a bayan idonsa, wai ko sallama aka yi masa sai ya yi nazari kafin ya amsa. To, a kansa ne jarrabawar ta faɗo.

Ga yadda abin yake. Jagoran rundunar kudu, Jarmai Lawan, ya faɗi a gumurzun ƙarshe cikin dajin Ƙirya, jama'arsa kuwa suka watse kowa ya yi ta kansa. Mutum ɗaya ne ya tsaya a kan gawar, wani bawansa mai suna Nasamu da ke yanko wa dokinsa ciyawa, shi ya haƙa rami ya rufe shi, kuma ban da shi babu mahalukin da ya san wurin. Da ƙura ta lafa, mahaifiyar Jarmai, Inna Kubura, ta nemi a nuna mata kabarin ɗanta ta yi masa addu'a kafin ita ma ta bi shi, dattawan kudu kuma suka ce ba za su yi wa sarki mubaya'a ba sai an share mata hawaye. Nasamu kuwa ya yi gum. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: tun kafin yaƙi Inna Kubura ta sayar da 'yarsa Lantana ga fatake don yarinyar ta mayar mata da magana, kuma ba ta taɓa gaya masa inda aka nufa da ita ba.

Shugaban dogarai ya ce a ba shi mutumin da bulala, kafin la'asar zai yi magana. Inna Kubura ta aiko cewa a yi musaya, ya nuna mata kabari ta faɗa masa sunan madugun da ya sayi yarinyar. Sarki ya dubi Mujtaba ya ce:

"Ya kai waziri, in na tilasta shi, na mayar da shi bawa bayan jinin da aka zubar don 'yancinsa, in na ƙyale shi kuma, na hana uwa kabarin ɗanta, na buɗe wa sabon yaƙi ƙofa. Ka nemo mini mafita."

Waziri bai koma gida ba, sai ya wuce bayan gari inda Nasamu ya kafa bukka. Da mutumin ya hango rawani, ya zabura ya tuɓe takalmi ya durƙusa, kuma duk abin da waziri ya faɗa, ko gaisuwa ce, amsarsa ita ce "to". Tausayi ya kama Mujtaba ƙwarai. Ya tambaye shi ko a cikin masu zuwa wurinsa kan maganar kabarin an sami wanda ya roƙe shi. Nasamu ya dube shi kamar an yi masa wani yare, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni umarni ake ba ni. Ban iya ƙi ba, shi ya sa nake yin shiru."

Da fada ta cika washegari, aka kawo tsohuwar da Nasamu, waziri ya miƙe ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne, don haka ba a musayarsu. Labarin Lantana hakki ne a wuyan Inna Kubura, dole ta sauke shi yanzu ba tare da sharaɗi ba, in kuwa aka bari ta saye kabari da shi, to ta sayar da yarinyar karo na biyu a gabanka. Sanin kabarin kuwa ihsani ne, wanda ya rufe gawar babu wanda ya sa shi, kuma babu mai binsa komai. Ihsani roƙonsa ake yi, roƙo kuwa bai zama roƙo ba sai in wanda aka roƙa zai iya ƙi ya kwana lafiya."

Inna Kubura ta yi kuka, ta yi ƙorafi, amma da ta ga babu makawa ta faɗi sunan madugun da garinsa can ƙetaren kogi, nan take aka tashi manzanni. Sarki ya ba Nasamu gona a gaban shaidu, ya ce tasa ce ko mece ce amsarsa. Sannan ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba, ya roƙe shi da girman Allah ya nuna wa tsohuwar kabarin ɗanta.

Nasamu ya ɗaga kai. Ya dubi dogarai, ya dubi ƙofa, sannan ya ce, "A'a."

Aka buɗe masa hanya ya fita, babu wanda ya taɓa shi.

To, daga nan waziri ya shiga uku. Damina ta faɗi, manzanni shiru, dattawan kudu suka koma gida ba mubaya'a, har aka fara jin maƙeransu sun koma ƙirar masu da takubba. Fadawa kuwa suka sami abin yi, in Mujtaba ya wuce sai su ce ga wanda ya sa sarki bara aka hana shi. Dattijon ya rame, yana tsoron kada ra'ayinsa ya jawo wa ƙasa wani jinin, amma duk lokacin da sarki ya ce ko a sake kiran Nasamu, sai ya ce a yi haƙuri, kira na biyu daga fada umarni ne.

Wata rana da hantsi, bayan an yanke gero, aka ce wa waziri yana da baƙo. Ya fito ya tarar da Nasamu tsaye a ƙofar zaure, da takalminsa a ƙafa.

"Ranka ya daɗe," in ji Nasamu, "na yi ta jiran dogarai, ba su zo ba. Na shuka, na girbe, gonar tana nan. Yanzu na yarda ƙin da na yi nawa ne. A gaya wa tsohuwar ta shirya, na san zafin rashin sanin inda ɗa yake, ba na so ta mutu da shi."

Waziri ya raka su har dajin Ƙirya. Can gindin wata kanya suka sami kabarin an kewaye shi da ƙaya saboda kuraye, an share ciyawar da ke kansa, ashe duk tsawon damina Nasamu yana zuwa yana gyara shi. Inna Kubura ta yi addu'arta. Da ta gama, ta juyo ta durƙusa a gaban mutumin da ya yi rayuwarsa yana durƙusa mata, ta ce, "Na gode, Malam Nasamu. Ka yi mini abin da ban yi maka ba." Waziri ya kau da kai yana share ido da bakin rawani, yana yi wa Allah godiya.

Dattawan kudu suka zo suka yi mubaya'a. Ba a jima ba manzanni suka dawo, sun sha wuya kafin su gano inda aka yi ta sayar da Lantana hannu zuwa hannu, amma ga ta sun zo da ita, ta zama babbar mace har da goyo. A ƙofar gonarsa ta sami ubanta, ya kira sunanta ta amsa.

Sarki ya tara jama'a, ya yafa wa Mujtaba alkyabbarsa ta kansa, ya ɗora shi a kan dukan shari'un da za su taso tsakanin 'yantattu da iyayen gijinsu na da, fadawan nan masu tsiya kuma su ne kan gaba wajen yi masa kirari. Sannan ya umarci malamai su riƙa karantar da wannan magana: adalcin sarki ya karɓo wa mai rauni hakkinsa ko da ƙarfi, ya kuma bar masa alherinsa a hannunsa har ya bayar don kansa.