Jarkar Zamzam Mai Jan Zare

An yi wani mutum a Karantina, nan kudancin Jidda, a shekarun da Allah ya farkar da unguwarmu. Ya 'yan uwa, wanda bai ga lokacin nan ba ya yi rashi. Babu ɗan sandan da ya shigo, babu hukumar da ta aiko. Karatu aka fara bayan Magariba, zukata suka yi laushi, mutane suka ji kunyar Ubangijinsu. Wata dattijuwa mai dafa giyar ɓoye, Zubaidatu, ita ta fara mirgino gangarta ta tuntsurar a kwata da rana tsaka, sauran suka bi. Ɗakin dahuwarta aka wanke, aka shimfiɗa tabarmi, ya zama masallaci da makarantar yara. Har gobe ina alfahari da iyayen nan namu.

Mutum ɗaya ya ƙi. Shi a ganinsa tuban jama'a kasuwa ce ta buɗe masa. A jarkokin Zamzam yake zuba giyar da yake dafawa, don ya san babu mai bincikar ruwan albarka, sai ya ɗaura jan zare a hannun kowace jarka don dillalansa su gane.

Dattawa suka same shi har gida. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ku kun tuba, Allah ya karɓa. Ni iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, lafiya lau, kafilin da ya tsaya mini mai ƙarfi ne."

Suka ce, "Alhaji, 'ya'yan mutane fa?"

Ya ce, "Kowa ya tsare nasa. Nawa na tsare shi."

Yana nufin Muntaka, ɗansa tilo, wanda ya kai unguwar Safa gidan ƙanwarsa yana karatu, don ko warin sana'ar kada ya ji. A kan yaron nan ya ɗora dukkan burinsa.

Masu saye suka yi masa yawa, tukunya ta kasa, sai ya fara haɗawa da sinadarin masu fenti. Wa ya gaya masa jarka tana da iyakar unguwa?

Wata Juma'a aka kira shi asibiti. Samari sun yi liyafa a bakin teku, biyu sun rasu, Muntaka ya rayu amma idanunsa sun tafi. A ƙofar ɗakin aka ajiye jarkar da suka sha. Ya sunkuya ya duba, ya ga ƙullin jan zaren da ya yi da hannunsa.

Aka ɗaure uban shekaru a kurkuku. Mutanen da ya yi wa dariya su suka riƙe yaron, suka koya masa Alƙur'ani da ka a ɗakin Zubaidatu.

Ya 'yan uwa, idan jama'a suka tashi gyara, kada ka zama wanda ya tsaya cin ribar ɓarna. Ɗan wani da ka sayar wa guba, naka ne ba ka sani ba.

Da ya fito, ya riƙa jan ɗan nasa zuwa sallah, yaron yana yi masa addu'a, bai san ko jarkar wa ce ba. Uban bai taɓa iya amsawa da amin ba.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga aikin hannuwanmu.